Buɗaɗɗen Tafin Safiatu

An haifi Safiatu Alhassan a Zangon Kumasi a shekarar 1967. Ta iso New York a 2003, ta zauna a unguwar Morrisania, ta kama aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Abokan aikinta sun shaide ta da abu guda: tsoho bai taɓa faɗuwa a hannunta ba.

A ƙarshen 2013 aka haɗa ta da Milagros, dattijuwa 'yar asalin Puerto Rico, wadda shanyewar ɓarin jiki ta raunana wa ƙafar hagu. Saura wata huɗu ta cika shekara tamanin, kuma burinta a ranar ta yi bolero, rawar mutum biyu da ta saba yi da marigayi mijinta. 'Ya'yanta suka ƙi, don faɗuwa ɗaya na iya zaunar da ita a keke har ƙarshen rayuwa. Da ta matsa, suka amince bisa sharaɗin Safiatu ce za ta riƙe ta.

Gwajin farko a falo bai yi daɗi ba. Safiatu ta zura hannu ƙarƙashin hammatarta ta damƙe, yadda ake ɗaga majinyaci. Milagros ta tsaya cak.

"'Yata, wannan ba rawa ba ce. Banɗaki kike kai ni."

Safiatu ta shaida mini cewa maganar ta yi mata zafi, amma ba ta musa ba. Ta shiga ajin 'yan koyon rawa na ranar Asabar a wani zauren unguwa, inda Kwabena, ɗan ƙasarsu, yake koyarwa. Ta nemi a riƙa haɗa ta da mata kaɗai, ita ta ɗauki matsayin mai jagora. Kwabena ya nuna mata riƙon: tafin dama a buɗe bisa allon kafaɗa, gwiwar hannu a ɗage domin abokiyar rawa ta ɗora nata hannun, hagu kuma ya tallabi yatsu ba matsi. Sakin yatsun ne ya fi ba ta wuya, domin shekara goma ta yi tana damƙa.

"Anti Safiatu, ba ragon layya kika kama ba," in ji Kwabena. "Sassauta, ba za ta gudu ba."

An yi bikin a watan Maris na 2014, kuma na kalli bidiyonsa sau uku. Wajen tsakiyar waƙar ƙafar hagun Milagros ta ɗan lanƙwashe. Safiatu ta ce a tafinta ta ji nauyin ya karkata tun kafin ƙafar ta gaza. Ba ta damƙe ba. Ta rage taku, ta juya da ita a hankali zuwa dama har nauyin ya koma kan ƙafa mai lafiya. Suka kai ƙarshen waƙar a tsaye, kuma babban ɗan Milagros bai san an yi tuntuɓe ba sai da mahaifiyarsa ta gaya masa.

Safiatu ba ta koma ajin ba. Amma har ta bar aiki a 2019, da buɗaɗɗen tafi take raka tsofaffinta tafiya.