Ƙuri'ar Ƙanen Lorene

Shekara ashirin da shida Lorene Stubblefield ta yi tana dafa wa 'yan firamaren garinsu abinci, can yammacin jihar Oklahoma. Da aljihun jiha ya yi ƙasa, sai aka mayar da karatu kwana huɗu a mako, aka rufe Juma'a. Ta san yaran da ke dawowa ran Litinin su share faranti tas, su tsaya suna leƙen tukunya.

Ƙanenta Doyle, mai sayar da abincin shanu, shi ke wakiltarsu a majalisar jiha, kuma da alkawarin ba zai taɓa ƙara haraji ba aka zaɓe shi. Dokar jihar kuwa ta ce ba a ƙara haraji sai kashi uku cikin huɗu na wakilai sun yarda, wato mutum saba'in da shida cikin ɗari da ɗaya.

Ranar da za a kaɗa ƙuri'a kan ƙarin harajin man fetur da sigari don makarantu, Lorene ta tuƙa motarta awa uku, ta tare shi a bakin zaure.

"Yaya, me ya kawo ki?"

"Na zo in ga ko wannan kwat ɗin ta bar maka kunya."

"Na yi wa mutane alkawari. In na karya, sun gama da ni."

"Ni na goya ka, Doyle. Ba a gama da mutum don ya bar kujera."

Ya juya ya shige. Ta hau bene ta zauna cikin malamai, ta ƙura wa allon sunaye ido. Kore na nufin e, ja a'a. Sittin. Sittin da takwas. Matar da ke gefenta ta damƙe mata hannu har ya yi zafi. Sunan Doyle shiru, ba kore ba ja. Tana hango ƙeyarsa, ya sunkuyar da kai.

Can sai sunansa ya kama kore. Saba'in da uku. Daga nan allon bai ƙara motsi ba. Shugaban majalisa ya buga guduma, ya ce ƙudurin ya faɗi.

A zaɓen fid da gwani na bazara aka kayar da Doyle, wasu makiyaya ma suka daina sayayya a shagonsa. Wata biyu ba ya ɗaga wayarta. Lorene ta roƙi fasto ɗakin girkin coci, ta fara dafa wake da burodin masara duk Juma'a. Makon farko yara goma sha tara suka zo, kujeru ba su isa ba.