Yadda Na Sassauta wa Hamidu Mota Daga Arlit Zuwa Tahoua

Akokan, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fito da Hamidu daga gidansa a Akokan, dab da Arlit, mu huɗu muna riƙe da katifa kamar masu ɗaukar ƙwai. Hamidu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tun muna yara bawana nake ce masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana sauka ramin uraniyom, ko farce bai rasa ba. Sai da ya bar aiki ya hau soro gyaran eriyar talabijin, ya faɗo. Likita ya ce ƙashin baya ya tsage, a kai shi Tahoua wurin masu aikin ƙashi. Ya kuma ja mana kunne: girgiza ɗaya mai ƙarfi tana iya kashe ƙafafun, kuma duk inda aka tsaya a duba ko yatsunsa suna motsi. Jirgi kuwa, a shekarun nan da duniya ta taso neman uraniyom, ba a ajiye wa tela irina da bawansa kujera.

Direbanmu Agali ne, Ba'abzine daga Gougaram. Motarsa kat-kat ce, irin mai ratsa yashi, da ya saya wurin wasu masu binciken ma'adinai, mai irin amortisar nan da ake saitawa, wato sandunan ƙarfe huɗu da ke bayan tayoyi suna shanye girgiza. Kowace tana da ɗan kai da ake murzawa da hannu, ƙas, ƙas, daga ɗaya mai laushi har tara mai tauri. Sai da aka gama loda ruwa da mai da mu kanmu sannan Agali ya shiga ƙarƙashi. Ya sa na gaba a biyar, na baya a bakwai. Ya danna bayan motar da ƙarfi, ya saki, ta tashi sau ɗaya ta tsaya.

Na ce, "Agali, marar lafiya muka ɗauko, ba siminti ba. Mai da su ɗaya."

Ya ce, "Baba, ina koya maka ɗinki?"

Ni da na yi aji uku a lakwal, wato makarantar boko, har na san sunan kogin Faransa guda, ban ga dalilin da za a yi mini wannan tambaya ba. Na riƙe abin a ciki.

Shingen Arlit

Ƙarfe shida muka shiga layi a bakin gari. Lokacin tawaye ne, ba mai bin hanyar Agadas sai a ayari, soja gaba soja baya, saboda nakiyoyin da ake binnewa. Doka ɗaya ce: tayarka ta bi sawun motar gabanka, ba kaucewa, ba tsayawa. Agali ya tafi rubuta sunayenmu wurin jandarma. Na dubi Hamidu, idonsa a rufe, gumi a goshinsa tun rana ba ta fito ba. Na tuɓe babbar riga, na rarrafa ƙarƙashin motar, na mai da na baya biyu-biyu. Ƙas biyar a dama, ƙas biyar a hagu. Na fito ina kaɗe gwiwa, ina jin na yi aikin lada.

Hanyar Agadas

Ƙarfe takwas saura kwata ayari ya tashi. Kilomita wajen ɗari biyu da arba'in ne, kuma kwalta a wurare da yawa sunanta kawai ya rage. Da farko motar tana lilo a hankali, na ce a raina, to ga shi nan. Da ayari ya ƙara gudu sai lilon ya ƙi ƙarewa. Rami ɗaya, bayan motar ya yi sama da ƙasa sau huɗu, a na ƙarshe ya zauna a kan ƙarfe, gum! Hamidu ya ciji bakin mayafi. A wata kwana bayan motar ya zame, na waiwaya na ga sawun tayarmu ya fita daga na ayari da taki guda, a kan yashin da ba wanda ya taka. Agali ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Sa'a biyu muka yi a haka. Na san maganin abin, yana nan ƙasan inda nake zaune, amma ba damar tsayawa.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci sojoji suka tsai da ayari don duba wata gada. Aka ce kowa ya tsaya a kan kwalta, ko fitsari a nan za a yi. Na kama ƙafar Hamidu.

"Bawana, motsa mini."

Yatsun hagu suka motsa. Na dama sai babban yatsa, shi ma da ƙyar.

Agali ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe, ya fito ya dubi gwiwar wandona.

"Baba, hannunka ya fi nawa sanin hanya. Shiga ka mai da su, ka ƙirga da ƙarfi in ji."

Na shiga, kwalta tana gasa mini baya, na ƙirga kamar ɗan aji ɗaya. Da na fito ya ce, "Mota mai kaya in ka sassauta mata, ba ta da abin riƙe kanta. Sai ta sauke nauyin duka a kan wanda ke kwance." Ya rage iskar taya kaɗan, ya ce laushin da nake nema a nan ake samunsa. Daga nan motar tana jijjiga ƙanana, amma ba ta sake zama a kan ƙarfe ba, ba ta sake barin sawu ba.

Ƙarfe uku muka shiga Agadas. Muka sauka gidan wani Bakatsine mai sayar da taya, aminin Agali. Aka kawo shinkafa da miyar kuɓewa, na ci loma uku na ture.

Agadas zuwa Tahoua, Laraba

Bayan sallar asuba muka tashi, kilomita ɗari huɗu da ɗoriya. Da muka wuce inda ake tsoron nakiya, Agali ya samu ikon tafiya yadda yake so. Sau uku yana tsayawa. Inda hanya ta yi kyau ya sauke na baya zuwa shida, inda ta lalace ya mayar, kuma kowane karo sai ya tambayi Hamidu, "Baba, yanzu fa?" Na lura ni ban taɓa tambayarsa ba. Shekara sittin ina yi masa magana, a ranar da ya fi bukata na yanke masa hukunci idonsa a rufe. A Abalak muka sha fura, yatsun dama suna nan yadda suke. La'asar sakaliya muka isa asibiti.

Tahoua

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Likita ya ce zai yi tafiya, amma da sanda, ƙafar dama za ta riƙa ja. Na bi shi har waje na tambaya: faɗuwar ce ta jawo, ko hanya? Ya ce, "Alhaji, wannan sai Allah."

Ranar da muka kai shi gidanmu na gado a nan Tahoua, bayan 'yan sannu sun watse, na zauna bakin katifarsa na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Mahaman, kana tsammani barci nake? Kunnena yana bisa tayar. Biyar a dama, biyar a hagu, na ƙirga tare da kai."

"To me ya hana ka magana?"

"Ni ma na ɗauka laushin ya fi. Har addu'a na yi maka." Ya yi dariya har ta taɓa masa baya, ya tsaya. "Jakai biyu a mota ɗaya, Allah ya ji ƙan Agali. Tashi ka kama ni, alwala zan yi."

Na sa kafaɗa, ya dafa, muka fita tsakar gida a hankali, yana jan ƙafar, ina jin kowane taki a jikina.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu gida, sannan ga Agali, wanda har ya juya Arlit bai faɗa wa kowa ba. Ni ne na ga ya kamata ku sani.