Kalilu Mai Maganin Shanu, Da Abin Da Na Ɓoye Maka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Yuni, 1957, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Kalilu a gidansa na Jibiya.

Kalilu, shekara ashirin da shida muka yi tare a tashar duba shanu ta bakin iyaka. Ni ne malami mai alƙalami, kai kuwa mai kayar da sa a yi masa allura. Idan garke ya shigo daga ƙasar Faransi, ni Fulani ke durƙusa wa.

Saura shekara biyar mu aje aiki ka fara bin tsofaffin makiyaya ruga-ruga, kana tambayar saiwoyi da yadda ake ɗora ƙafar saniya. Na yi maka dariya. Ka ce, "Malam Lawwali, kujerar nan ta Bature ce. Ran da ya karɓe abinsa, mi za ka zauna a kai?"

Rana ɗaya aka sallame mu. Kafin wata uku gaisuwata ta ƙafe. Kai ko ƙofar gidanka ta zama kasuwa: daga Bugaje, daga Mazanya, har daga Maraɗi. Kana da shekara saba'in kana tafiya Farfaru a ƙasa, tsakiyar damina, don maraƙin wata gwauruwa, ka dawo ko nono ba ka karɓa ba. Ina zaune a dakali ina kallon ƙwaryar man shanu na wuce ni zuwa gidanka. Ya ci mini rai. Sau biyu na faɗa a majalisa cewa maganinka dace ne kawai. Ya zo kunnenka, amma ka ci gaba da aiko mini da rabona.

Ran jana'izarka na tsinci kaina ina duba tsawon sahu, ina tunanin nawa. Astagfirullah.

Jiya Manu, wani makiyayi da bai ji rasuwar ba, ya iso da saniya mai kumburin ciki. Da aka gaya masa, ya juyo gare ni: "Malam, ai tare kuka yi aiki. Taimake ni." Na ce ban san komai ba. Ya ja saniyarsa ya tafi.

Ka yafe mini, Kalilu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Maiɗakinka Nagoggo da 'ya'yanka Rabe da Salmatu, Allah ya ba ku haƙuri. Ni kuma Allah ya wanke mini zuciya kafin tawa ta zo.