Tafkin Baba a Hoton Tauraro

Auta 'yar masunci ce, amma ba ta taɓa jefa taru ba. Aikinta zama gaban kwamfuta, tana zana iyakar tafkin garinsu a hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa. A irin hoton nan ruwa baƙi yake fitowa. Shekara da shekaru tana kallon baƙin yana tsukewa, har ya koma kamar ƙwayar ido.

Duk ta dawo gida sai Baba, wanda ciwon ƙafa ya zaunar, ya tambaye ta, "Auta, me tauraron naki ya ce?"

Ran nan baƙin ya dawo a hoton, ya malale ko'ina. Ba ta jira an je an duba ba, ta sheƙo gida da albishir. Baba ya sa aka sauko masa da tarunsa, suka shiga mota.

Da suka isa tafkin, ko ɗigon ruwa babu. Yashi ne iska ta share sumul, kuma shi ma baƙi yake fitowa a hoto. Ta san haka sarai, ɗoki ne ya mantar da ita.

Baba ya daɗe yana kallo, taru a cinya.

"Mu koma," ya ce.

Bai ƙara tambayar ta ba.