Injin Kwale-kwalen Ba Modu

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba labarin wani na ji ba. A shekarun da Maiduguri ta rikice ne, bayan an hana achaba, aikinmu na gyaran babur ya mutu, na koma gyaran janareta a wata 'yar rumfa a Gamboru. Ni mutum ne mai yawan fargaba, ko ƙusa na ɗaure sai na dawo na sake taɓa ta, to balle a lokacin da ƙarar faɗuwar kwano ma sai ta sa kasuwa ta watse.

Wata safiya wani dattijo ɗan gudun hijira daga bakin tafki, ana ce masa Ba Modu, ya turo baro da wani abu a nannaɗe cikin tabarma. Yana buɗewa na ga tsohon injin kwale-kwale, fentinsa duk ya goge. Gabana ya faɗi, don idan jami'an tsaro suka ga ina gyara injin ruwa, me zan ce musu?

Na ce, "Baba, ka rufa mini asiri, ni janareta na sani."

Ya ce, "Ɗana, kafireta ai kafireta ce. Ƙanena Bukar yana can tsibiri. In injin ya tashi zan nemi jirgi in koma in ɗauko shi."

Ranar da yaran daji, 'yan bindigar nan, suka shigo garinsu, in ji shi, ya cika kwale-kwale da mata da yara, Bukar ne ya tsaya cikin ruwa yana turawa. Harbi ya matso, Ba Modu ya ja igiyar tayar da inji, inji ya tashi, da ya waiga bai ga Bukar a ciki ba. Tun daga ranar injin bai sake tashi ba. Kunya ta hana ni korarsa.

Na cika durom da ruwa na rataya injin a baki, tunda ba a tayar da irinsa a bushe. Matsalar a fili take, kafireta ce ke yin obafulo, wato mai ya cika ta ya riƙa zubowa, fulogi ya jiƙe. Na kwance ta, na wanke, na hura kowace kafa. Na duba fulot, ɗan abin nan da ke tasowa in mai ya cika, ko ya huje yana shan mai, lafiyarsa lau. Na canza allurar da ke toshe hanyar mai, na yanka sabon gasket, abin nan da ke hana yoyo a mahaɗa, da hannuna. Da na haɗa na matsa famfon mai, sai ga shi yana ɗiga, ɗis, ɗis, kamar ban taɓa komai ba.

Haka muka yi ta yi har na daina ƙirga kwanaki. Kullum Ba Modu zai zo ya zauna a kan benci, ba ya cin komai, idonsa a kan ɗigon nan. Ni kuwa na rasa addu'ar da zan yi. In injin ya tashi, na tura dattijo inda ba a dawowa. In bai tashi ba, ina kallo yana ƙarewa a gabana. Maƙwabcina mai walda har tsokanata yake yi, wai injin ya fi ni taurin kai.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne, rana tsaka, mutane na wucewa. Na ce, "Baba, na gaza. Ja da hannunka ko sau ɗaya, ka ga ba ƙarya nake ba."

Ya miƙe ya kama igiyar. Ashe su a tafki suna da al'ada, mai jirgi ba ya jan igiya sai ya tambaya ko akwai wanda ya rage, mai turawa ya amsa, ya tura, ya faɗo ciki. Ranar gudu ce kawai bai tambaya ba. To bakinsa ya saba, bai ma san ya faɗa ba, sai na ji ya ce, "Saura wa?"

Na rantse da Wanda raina ke hannunsa, daga bayan durom ɗin, inda babu komai sai katanga, wata murya ta ce, "Babu saura, Ya Modu."

Sai durom ɗin ya matsa gaba. Durom cike da ruwa, wanda mu biyu da mai walda ba ma iya gusar da shi, ya ja ƙasa kamar taki ɗaya, ruwa ya fantsamo mana a ƙafa. Ba Modu ya ja igiya, ja ɗaya, injin ya kama. Na duba kafireta, ko ɗigo babu. Innalillahi!

Ba Modu ya tsaya yana sauraron ƙarar, can ya sa hannu ya kashe. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ka ji shi ko, ɗana? Ya ce babu saura." Ya ɗauki hularsa ya tura baronsa babu komai a ciki.

Na bi shi ina cewa Baba injinka, bai waigo ba. Na neme shi a sansanin da ya ce yana zaune, aka ce ya daina magana, daga baya aka ce ya bar wurin, ba wanda ya san inda ya nufa.

Mai walda ya ce ƙarar inji kawai ya ji. Amma shi ya nuna mini jikin durom ɗin ta wajen katanga, shatin tafin hannu biyu, jiƙe, da laka baƙa irin wadda babu ita a Gamboru.

Injin yana nan a rumfata cikin tabarmarsa, ban sayar ba, ban sake taɓa igiyar ba. Wani lokaci in na ɗaga tabarmar sai in tarar da ƙasan a jiƙe, kuma ba warin fetur yake yi ba.

'Yan'uwa, in za ku tashi daga wuri, komai tsananin gudu, ku waiga ku kira naku ku ji sun amsa. Ku tambaya tun mai amsawa yana da rai.