Ƙauye Uku, Ɗigo Ɗaya

Jama'a, yau saura kaɗan ordinater, wato kwamfuta, ta hana ƙauye uku ruwan sha.

A buronmu, ofishin haƙa rijiyoyi, akwai sabon injiniya, Mushe (wato Malam) Haruna, wanda ya yo karatu a waje kuma bai taɓa barinmu mun manta ba. Ya ƙera mana manhajar taswira: ka ba ta wurin da za a haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, ta ɗiga alama. Yau na ba ta ƙauyuka uku na Damagaram Takaya a lokaci guda. Ta fito da ɗigo ɗaya tak! Ashe ba a koya mata karɓar wuri fiye da ɗaya ba, sai ta zaɓi tsakiyarsu.

Motar haƙa tana bakin ƙofa, an cika mata mai. Direbanta, Baba Lawali, ya leƙa taswirar ya ce, "Mushe, nan ai kan dutse ne. Ko akuya ba ta hawa."

Mushe ya gyara tabarau. "Lissafi ne, Baba. Ba a fifita kowane ƙauye ba."

Baba ya ajiye makulli gaban ordinater. "Madalla. Ta tuƙa da kanta."

Yanzu haka Mushe yana shigar da ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, Baba yana tsaye a kansa yana duba aikin.