Gaton da Aka Ce na Inna Ne

A shekarun da kuɗin man fetur ya yi wa Gabon ambaliya, babu gidan Bahaushe a unguwarmu ta Nombakele, cikin birnin Libreville, da ba a kai murhun gas ba. Dogon nan fari mai baki huɗu da ɗan ɗaki a ƙasa, wanda mutanen garin ke kira fur, inda aka ce Turawa na gasa kaza da burodi. Mazanmu sun sayo mana shi ne don kada a ce kasuwa ba ta karɓe su ba. Mu kuwa muka lulluɓe shi da kyalle mai ado, muka ɗora masa furen roba, muka cika ɗan ɗakin da kwanukan aurenmu, muka koma tsakar gida muka ci gaba da hura gawayi.

Lokacin komai ta jirgin sama yake zuwa Libreville, har tumatir da ƙwai. Mutum zai bar ayabar da ke bayan ɗakinsa tana ruɓewa ya je ya sayo tuffa mai takarda a jiki, ya riƙo ta a hannu yadda maƙwabta za su gani.

Katangar katako ɗaya ce ta raba ɗakina da na Inna. Tsohuwa ce 'yar Garwa ta ƙasar Kamaru, ta biyo ɗanta, ɗan ya wuce wani gari neman aiki, ita ta zauna tana tuyar ƙosai a bakin layi. Ba mu haɗa komai ba sai wannan katanga. Amma da na yi haihuwar fari, uwata tana can Kano, Inna ce ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in, ta dama mini kunun kanwa, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Duk ƙarshen azumi kuma tare muke yin alkakin Sallah. Matafiya ke kawo mana alkama daga gida. Ni in ɓarza, ita ta kwaɓa, mu rufe ya kwana, washegari mu zauna muna naɗawa tana ba ni labarin mutanen da ban taɓa gani ba.

Sai Hajiya. Da a famfo ɗaya muke layin ruwa da ita. Mijinta ya samu kwangilar ciyar da leburorin gini, suka tashi suka koma unguwar Plaine Orety, gidan bulo mai na'urar sanyaya ɗaki, daga nan Hajiya ta manta yadda ake cewa to, sai dakor irin na Faransawa. A gidanta matan Hausawa ke yin wunin kwana uku ga Sallah. Wata Sallah na miƙa mata alkakina a gaban mata, ta ɗauki ɗaya da yatsa biyu ta juya shi.

"Har yanzu kuna fama da wannan abu?" in ji ta. "Mai ya yi masa yawa. Mu yanzu sai gato."

Gato shi ne kek a bakin mutanen can. Shekara guda cur na yi maganar nan tana cina. Ba wani abu nake nema ba, ban ɓoye wa kaina ba: so nake Hajiya ta ci abin da na gasa, ta dubi mata ta ce wa ya yi wannan, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ina jin kunya.

Da azumi ya zo gangara, na tarar da Inna tana sheƙar alkama a faifai.

"Inna, ni bana ba zan yi alkaki ba," na ce. "Kayan da ne. Gato zan gasa."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da sheƙa, can ta ce, "To, 'yata. Allah ya ba da sa'a." Da yamma ta miƙo mini ƙullin kanumfari ta saman katanga, wai ko zan buƙata.

Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙasar, mai dafa wa wata madam abinci a unguwar Cocotiers, ita ta koya mini, rabi da Faransanci rabi da hannu. Ta ce ƙwai huɗu. Ta ce a auna fulawa da sukari a sikeli. Ta ce a juya a hankali, a zuba a gwangwani nan take, a rufe fur kada a buɗe sai ya yi. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa wi, wi, a raina ina tausaya wa Turawa. Abin da za a kai gidan Hajiya a sa masa ƙwai huɗu, sai ka ce ana yunwa? Na fasa goma sha biyu. Sikeli kuwa na mai sayar da nama ne, ni da hannu uwata ta koya mini awo. Juyawa a hankali na ɗauka lalaci ne irin na matan da ba su taɓa riƙe muciya ba, na zage na buga ƙullin nan kamar na funkaso har kafaɗata ta yi tsami. Ban kuma taɓa ganin ƙullin kirki da ba a bari ya kwana ba, don haka na rufe shi da faifai na tura ƙarƙashin gado. Da safe na ji ya ɗan yi tsami, na jiƙa kanwa na zuba, kamar yadda kowace mace mai hankali za ta yi. Na daka citta da masoro da kanumfarin Inna na ƙara, don ban ga dalilin da zai sa a ba baƙo abu lami ba.

Ranar jajibiri ce, bakina da azumi, ko lasa ban yi ba.

Na kwashe kwanukan aurena daga fur, karon farko tun da aka kawo shi. Na kunna da bisimilla ina ja da baya. Maganar kada a buɗe kuwa ban ma saurare ta ba, wa ke ɗora girki ya ƙi dubawa? Na buɗe ya fi sau ashirin. A ɗaya daga ciki bakin ƙarfen ya kama ni a wuyan hannu, ya zana mini layi miƙaƙƙe. Hayaƙi ya bi ta katanga, na ji Inna tana tari.

Abin da ya fito gajere ne, baƙi-baƙi, ga nauyi. Maigida ya ɗaga shi da hannu biyu, ya dube ni, ya dubi ƙunar hannuna.

"Masha Allah," ya ce. "Da gani zai yi auki."

Na kankare ƙonannen, na kaɗa farin ƙwai da sukari na shafe shi tas. Ya bushe ya yi fari fat, sai wani ɗan lotsawa a gefe inda babban yatsana ya taɓa. Wallahi ya yi kyau. Na tsaya ina kallonsa har na ji hawaye.

To, akwai al'adarmu ta kwanon Sallah. Kowace mace tana ɗiga jan farce a gindin kwanonta, kowa da launinta, don a san inda za a mayar da shi, kuma ba a mayarwa wayam. Abin da ya shigo daga wannan gida in ya yi yawa, da shi ake fita kunyar wancan. Ni na sayo sabon faranti mai ƙyalli kamar azurfa a babban kantin Turawa, na ƙi sa masa alama da gangan. Na ce wa maigida in an sauko idi ya ajiye a ƙofar Hajiya cikin sauran kwanuka, kada ya ce daga ina. So nake a yi ta cigiya, sai ran wuni in bayyana.

Kwana biyu ina kasa kunne, shiru.

Ran wuni muka shiga taksi ni da Inna, tana rungume da tsohon kwanonta na alkaki mai ɗigon shuɗin fenti. Ita kaɗai ta ɓarza, ita kaɗai ta naɗa. Na matsa jikin ƙofa don kada mai ya taɓa mini leshi, kuma ta lura.

Falon Hajiya ya cika, sanyin na'ura na kaɗa mu muna yi kamar mun saba. Ana cikin gaishe-gaishe sai ga matar wani babban tela daga Cocotiers ta shigo da kwali a hannu, tana nishi.

"Hajiya, ga ɗan gato," in ji ta. "Wurin Turawa na sa aka yi miki musamman."

Aka buɗe. An ɗaura masa jan ƙyalle, an soka masa furen roba, wata ma ta kafa masa kyandir a tsakiya. Amma ga farantina, ga shatin babban yatsana a gefe. Na ga Hajiya ta ƙura masa ido. Na ga wasu mata biyu sun ɗaga kai suna nazarin silin. Ni kuwa a raina na ce yau ranata ce, har ma an haɗa shi da na Turawa.

Hajiya ta sa aka kawo wuƙa. Farin saman ya tsage kamar tangaran, wuƙar ta shiga kaɗan ta tsaya, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Aka kawo ta yankan naman layya. Mace biyu suka danne faranti, ta uku ta hau da ƙarfinta. Da yanki ya ɓalle sai ga cikinsa kore-kore, wani tsami da yaji suka tashi suka gauraye da sanyin ɗakin. Hajiya ta gutsura don kada a ce ta raina kyauta. Ta tauna sau biyu, idonta ya kawo ruwa, ta juya ta tofar a hankici.

"Wane Bature ne ya yi miki wannan?"

"Wallahi Hajiya ni ma kawo mini aka yi," in ji matar tela.

Wata mai kaifin baki ta sauke gaton ta kifa farantin. Ɗigo huɗu ne a gindinsa, launi huɗu. Ashe duk gidan da ya shiga, ba wanda ya yanka, kowa ta ga ya fi ƙarfin bakinta sai dai ta yi fita kunya da shi a gidan da ya fi nata, ta ce ita ta saya. Kowa kuma ta ɗiga jan farcenta don farantin ya dawo mata. Aka bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya, wannan ta nuna wannan, har aka zo kan na farko, ja mai duhu irin wanda ke yatsun Hajiya a lokacin.

"Ni a ƙofa na tsince shi," in ji Hajiya da sauri. "Ba alama. Wa ya yi shi tun asali, shi ne magana."

Nan take mata huɗun nan da ke hararar juna suka zama 'yan uwa. In aka samu wadda ta gasa, su sun fita.

Hajiya ta sake shinshinawa. "Kanwa ce wannan, da kanumfari. Baturiya ina ta san kanwa? Wannan aikin Nombakele ne."

Idanu suka juyo ɓangarenmu. Na ga idon Hajiya ya sauka a hankali zuwa wuyan hannuna, inda layin ƙunar ya kumbura ya yi ruwa. Kafin ta buɗe baki, Inna ta gyara zama, gefen mayafinta ya faɗo ya rufe mini hannu, ta ɗora nata a kai.

"Ni ce, Hajiya," ta ce.

"Ke, Inna? Ke da ko fur ba ki da shi?"

"Na 'yata na ara, ranar da ta tafi kasuwa. Na ce bari in gwada abin zamani kafin in mutu. Ku yi haƙuri, tsufa ne."

Falon ya fashe da dariya. Har da masu riƙe ciki, har da masu share hawaye. Hajiya ta yafe mata da babbar murya, ta ce ai Inna uwa ce, amma don Allah ta tsaya a kan ƙosanta. Sai aka nemi abin wanke baki, aka jawo kwanon alkakin Inna. Kafin la'asar ba ko ɓurɓushi. Da idona na ga Hajiya ta ci huɗu, da yatsu biyar, mai na bin hannunta.

Ni ma na yi dariyar. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Hannunta yana kan nawa, ina jin kaushin tafinta, na buɗe baki na yi dariya tare da su don kada a gane.

A taksi muna komawa ta kamo hannun ta duba ƙunar.

"Ki shafa zuma, 'yata," ta ce. "Kada ki fasa shi."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ran nan da duk ranakun da suka biyo. Sallar da ta zagayo na je na zauna kusa da ita na ja turmi, ta matsa mini, muka yi alkakinmu. Na yi ta jiran ranar da bakina zai buɗe a gaban mata, ranar ba ta zo ba. Abin ma ya zama abin faɗa a tsakaninmu: in nama ya ƙi dahuwa, in katifa ta yi tauri, sai a ce gaton Inna. Tana zaune ake faɗa, ta murmusa. Har ta koma Garwa ana faɗa, har labarin rasuwarta ya zo mana ana faɗa. Kwanan baya na ji jikata, wadda ba ta taɓa taka Libreville ba, ta ce wa wani busasshen burodi gaton Inna.

Na kira ta na nuna mata wuyan hannuna. Layin yana nan, ya yi fari. Na ce mata daga yau in za ta faɗa ta ce gaton Kaka, don ni na fasa ƙwan nan goma sha biyu, ni na zuba kanwar. Inna kanumfari kawai ta ba ni.